Daga Garke Zuwa Cajin Waya: Me Bayogas Zai Yi wa Manoman Kura da Bunkure?

Duk wanda ya bi hanyar Dawakin Kudu zuwa Bunkure da Kura gab da damina ya san tsibin taki a bakin gonaki. A nan kashin shanu ba shara ba ne, kuɗi ake sa wa a saya, balle yanzu da buhun takin zamani ya gagari ƙaramin manomi. Shi ya sa da an yi maganar mayar da shi makamashi, tambayar farko ita ce: to gonar fa?

Gonar ba ta rasa komai. Na'urar bayogas rufaffen tanki ce, ta bulo ko ta roba, da iska ba ta shiga. Ana dama ɗanyen kashin da ruwa daidai wa daida a zuba. Ƙwayoyin halitta su narkar da shi cikin 'yan makonni, su fitar da gas wanda kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na iskar mithen ne, wato mai kamawa da wuta. Abin da ya rage yana fitowa ta ɗaya bakin, ruwan taki marar wari sosai, mai kyau ga tumatir da shinkafa.

Ga lissafin: kilo 25 na kashi kan ba da kusan kubik mita 1, abin da shanu biyu ko uku ke zubarwa a rana. Wannan zai yi girkin kusan awa 2. In aka sa shi a janareta da aka sauya wa kabureta, zai ba da wajen kilowat-awa 1.5, alhali batirin waya mai 5000mAh bai kai wat-awa 20 ba. Waya fiye da 50 ke nan. Ga mai shagon caji da ke kukan fetur tun cire tallafi a 2023, wannan ba wasa ba ne.

Inda yankin ya yi sa'a shi ne ruwa. A wurare da dama rashinsa ke kashe irin wannan tanki, amma nan hanyoyin ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, suna ratsa gonaki har da rani. Zafin Kano ma taimako ne, sai dai gas kan ragu in hunturu ya kankama.

Batun ɗumamar yanayi kuwa sai an yi gaskiya. Mithen ta fi iskar kabon riƙe zafi sau 28 a tsawon shekara 100, kuma Najeriya ta yi alƙawarin kawo ƙarshen ƙara gurɓata iska nan da 2060. Amma kashin da ya bushe a fili kaɗan yake fitarwa. Mafi yawa daga gyatsar shanu take, da fadamun shinkafa masu kwance da ruwa. Ribar tana wajen masu turka da masu madara, inda jiƙaƙƙen kashi ke taruwa wuri guda, da kuma itacen girkin da za a daina sara.

Tanki mai yoyo na iya cinye wannan ribar duka. Ruwan omo a kan mahaɗar bututu zai nuna kumfa in akwai ɓula. Haka kuma gas ɗin na ɗauke da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cin ƙarfen inji, don haka sai an tace shi ta gwangwanin garin ƙarfe mai tsatsa kafin ya isa janareta.