Zaman Auren Tsuntsun Ganet a Dutsen Bass

Ganet babban tsuntsun teku ne, fari fat, mai baƙin bakin fiffike da kai ruwan ƙwai. Hausa ba ta da sunansa, domin ba ya zuwa ƙasar Hausa. In ya buɗe fikafikansa, faɗinsu yakan kai santimita 180. A gabashin Sikotilan akwai wani tsibirin dutse da ake kira Bass, inda ƙidayar 2014 ta sami sheƙa kusan 75,000.

Namiji ne yakan riga dawowa daga teku, tun sanyi bai wuce ba, ya kama gurbinsa na bara. Wurin a cushe yake. Tazarar da ke tsakanin sheƙa da sheƙa ba ta wuce iyakar inda bakin maƙwabci zai kai ba, saboda haka faɗa ba ya ƙarewa. Ko matarsa ce ta sauka, sai ya cafke ta a ƙeya. Ita kuwa ba ta ramawa, kawar da fuska take yi.

Daga nan sai gaisuwa, wadda ita ce abin kallo. Su tsaya ƙirji da ƙirji, su ɗan buɗe fikafikai, su miƙe wuya sama, suna karo da bakuna kamar masu wasan takobi, suna kuka. Can sai su huce, kowa ya shiga gyara wa ɗan'uwansa gashin wuya. Mai kallo zai ce soyayya ce zalla, amma aikinta ya fi haka: ita ke kashe fushin mai tsaron gida. Masanin tsuntsaye Bryan Nelson, wanda ya zauna a dutsen a farkon shekarun 1960, ya yi bayaninta dalla-dalla.

Ƙwai ɗaya tak mace ke sakawa. Su biyun ke kwanci bi da bi, wajen kwana 44, kuma da tafin ƙafa suke rufe ƙwan. In suka tashi tare, wasu tsuntsaye za su sace shi. Shi ya sa mai niyyar tafiya yakan fara nuna sama da baki.

Yawancinsu ba sa sake abokin zama sai mutuwa ta raba. A 2022 murar tsuntsaye ta kashe dubbai a Bass, da yawa suka rasa abokan zamansu. Wasu daga cikin waɗanda suka warke, idanunsu masu launin shuɗi sun koma baƙi.