Daga Dutsen Dala zuwa Ƙasar Ƙanƙara: Masu Waƙar Abin da Zai Zo

 

Samari da yawa a ƙasar nan sun kalli fim ɗin Vikings a wayoyinsu, wanda aka fara nunawa a 2013. Ko ba ka bi labarin ba, wataƙila ka ji kiɗan: ganga mai nauyi, murya kamar daga cikin rijiya. Wani ɓangare na kiɗan aikin Einar Selvik ne, ɗan ƙasar Norwe, wanda ya kafa ƙungiyar Wardruna a 2003. Cikin kayan kiɗansu akwai wanda ake gogawa da izgar doki. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge, kunnensa ba zai ji baƙunta ba.

To me suke ƙoƙarin farfaɗowa? Mutanen arewacin Turai, kafin Kiristanci ya je musu, suna da mata masu duba da suke kira völva. Shahararriyar waƙarsu, Völuspá, tana cikin wani kundi da aka rubuta a tsibirin Aisland wajen 1270. A cikinta mai duba ce take ba Odin, babban abin bautarsu, labarin farkon duniya da ƙarshenta, har da yadda kerkeci zai haɗiye shi kansa ranar yaƙin ƙarshe. Ya ji, ya sani, kuma bai iya kaucewa ba. A wurinsu akwai wasu mata uku a gindin wata babbar bishiya, su ke yanke wa kowa rabonsa, abin bauta da mutum duk ɗaya.

Yanzu mu dawo gida. Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da Barbushe a kan Dutsen Dala. Shi ma bishiya ce a tsakiyar labarin, an kewaye ta da katanga, wurin Tsumburbura, ba mai shiga sai Barbushe. Da dare ya yi sai ya sauko da makaɗansa, jama'a su kawo baƙin kare ko baƙin kaza ko baƙin bunsuru. Ya shiga, ya fito, ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Kuma shi da bakinsa ya gaya musu wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, in ba a zamaninsu ba to a zamanin 'ya'yansu. Bagauda ya zo, a lissafin da aka saba a 999. Wurin tsafin kuwa bai faɗi ba sai zamanin Sarki Tsamiya, a ƙarni na 14.

Ga wani abin mamaki: a wajen wannan shekara ta 999 ko 1000 ne majalisar mutanen Aisland ta karɓi Kiristanci. Ke nan labaran biyu duk mutanen sabon addini ne suka rubuta su, bayan ɗaruruwan shekaru. Marubucin Kano ma har ya ce Barbushe ba ya saukowa sai ranakun Idi biyu, alhali babu Idi a Dala a lokacin. Malami ne yake auna tsohon zamani da kalandarsa. Ni dai a ganina, duk duban da aka rubuta bayan abin ya riga ya faru, ba shi da wuyar cika.

Akwai wani labari na Aisland da ya fi kama da namu. An yi yunwa a Girinlan, aka gayyato mai duba, ta ce ba za ta iya aiki ba sai an samu matar da ta san waƙar kiran iskoki. Wadda ta sani, Gudrid, Kirista ce, ta ce ita ba ta shiga wannan. Da ƙyar maigida ya shawo kanta ta rera. Wannan ai tsarin wasan bori ne: ba kiɗa, ba hawa. Mai garaya da 'yan buta su suke da taken kowane iska, na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Inna daban, na Malam Alhaji daban, kuma sai an kaɗa na mai shi sannan ake cewa ya sauka a kan dokinsa ko goɗiyarsa.

Kada a ji mu a karkace. Gaibu na Allah ne shi kaɗai, kuma malamanmu sun gama magana a kan zuwa wurin boka da ɗan duba. Ƙaddarar da Musulmi ya yi imani da ita tana hannun Mahalicci, ba ta hau kansa ba kamar yadda ta hau kan Odin.

Amma ga inda muka fi mutanen arewacin Turai. Kalmomin waƙoƙinsu sun tsira, karin sautin ya ɓace, domin ba wanda ya rubuta shi. Abin da Wardruna da wata ƙungiya irinta, Heilung, suke yi kintace ne da gwaninta, kuma duk da haka suna cika manyan ɗakunan taro a Turai da Amurka. Mu kuwa har yanzu akwai tsofaffin da yatsunsu suka san taken. Fremont Besmer, Ba'amurke, ya zauna da makaɗan bori na Kano ya fitar da littafi a 1983. A Maroko, kiɗan Gnawa, wanda jikokin bayin da aka kai daga kudancin Sahara suka raya, yana da bikinsa a Essaouira tun 1998.

Adana sauti ba bauta ba ne, kamar yadda malamin da ya rubuta labarin Barbushe bai zama mabiyin Tsumburbura ba. Ɗalibanmu na sashen Hausa da na Tarihi da ke neman batun bincike, in akwai tsohon mai garaya ko mai goge a ƙauyenku, ku je da ladabi, ku nemi izininsa, ku ɗauki sautin, ku rubuta sunan kowane take da wanda ya koya masa.