Idan Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma Ya Tafi Ƙasar Waje, Ina Ribar Talaka?

Sau da yawa akan ji labari a ƙauye cewa sakataren ƙaramar hukuma, ko wani babban ma'aikaci, ya tafi ƙasar waje kwas. Wasu su ce ƙaro ilmi ya tafi. Wasu kuwa su ce yawo ne kawai da kuɗin jama'a. To, irin wannan tafiya tana da asali, tana kuma da ƙa'ida. Ya kamata talaka ya san su, domin da sunansa ake yin ta.

Mene ne ƙawancen garuruwa?

Wasu daga cikin waɗannan tafiye-tafiye suna fitowa ne daga abin da ake kira ƙawancen garuruwa. Wato gari biyu na ƙasashe daban-daban su ƙulla zumunci, shugabanninsu su sa hannu a takarda. Daga nan sai su riƙa musayar ma'aikata. Duba-gari na wannan gari ya je can ya yi 'yan makonni, ya ga yadda suke kwashe shara da gyara magudanar ruwa. Ma'ajin can shi ma ya zo nan, ya zauna da masu karɓar haraji, su duba littattafan kuɗi tare. Kowa ya koma gida da abin da ya gani da idonsa, don gani ya kori ji.

Yadda abin ya faro

Wahala ce ta haifi wannan zumunci. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1940, jiragen Jamus sun yi wa garin Coventry na Ingila ruwan bama-bamai. Bayan haka yaƙin ya ragargaza garin Stalingrad na Rasha. Da labari ya kai Coventry, sai mata 830 suka ɗinka sunayensu a jikin wani ƙyallen rufe tebur, suka aika musu tare da gudummawar kuɗi. A 1944 garuruwan biyu suka zama ƙawayen juna.

Da yaƙi ya ƙare, garuruwan Faransa da na Jamus suka bi sahu, don a kashe gabar da ke tsakaninsu. A 1956 shugaban Amurka Eisenhower ya kafa irin wannan shiri a ƙasarsa. Sannu a hankali zumunci ya wuce ziyara da liyafa, ya koma koyon aiki. A 1995 aka kafa ƙungiyar ƙananan hukumomi ta ƙasashen Kwamanwal, wato ƙasashe renon Ingila irin su Nijeriya da Gana. A 2004 kuma aka kafa babbar ƙungiyar birane da ƙananan hukumomi ta duniya. Hedkwatarta tana Barcelona a ƙasar Sifen, reshenta na Afirka yana Rabat ta Maroko.

Misali daga ƙasar Hausa

Ba sai an je nesa ba kafin a ga misali. A Jamhuriyar Nijar, garuruwan Hausawa da dama sun ƙulla ƙawance da garuruwan Faransa. Tasawa ta jihar Maraɗi ta haɗu da garin Conflans, kusa da birnin Faris. Ƙungiyar da mutanen can suka kafa don wannan zumunci ma sunan Hausa suka sa mata, wato Jituwa. Dogon Dutsi ta haɗu da garin Orsay. Damagaram kuwa a 2005 ta ƙulla yarjejeniya da lardin Val-de-Marne.

Ayyukan da aka fi yi a waɗannan garuruwa su ne na ruwa da tsabta. A Damagaram an gina makewayi a makarantu da wuraren taruwar jama'a, an kuma horar da ma'aikatan tsabta na gari. A Dogon Dutsi an taimaka wa magidanta su gina masai a gidajensu, an kuma jera duwatsu a kan tudu don rage ƙarfin ruwan da ke kwararowa cikin gari da damina.

Daga ina kuɗin ke fitowa? A 2005 Faransa ta yi wata doka. Dokar ta yarda wa garuruwanta su ware har kashi 1 cikin 100 na kuɗin da suke samu daga ruwan famfo da tsabta, su taimaki garuruwan wasu ƙasashe da shi. Ashe ke nan talakan can ne ke biya, ta hanyar kuɗin ruwansa. Shi ya sa suke bin diddigin kowane kwabo.

Amma ƙawance ba ya rasa cikas. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, gwamnatin Faransa ta dakatar da taimakon raya ƙasa da take ba Nijar, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami. Ita ma Coventry a 2022 ta jingine ƙawancenta da tsohuwar ƙawarta ta Rasha saboda yaƙin Yukiren. Darasin a fili yake. Kuɗin baƙo yana iya yankewa dare ɗaya. Abin da ba ya yankewa shi ne ilmin da ya zauna a kan ma'aikacin gida.

Me ya shafi mutumin karkara?

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Suna kuma da hannu a makarantun firamare, da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya. Duk waɗannan abubuwa ne da mutumin ƙauye ke taɓawa kullum. Idan ma'aikaci ya koyo dabarar tara harajin kasuwa ba tare da kuɗi sun zurare ba, rumfuna za su gyaru. Idan ya koyo yadda ake kula da rijiyar burtsatse, ba za ta mutu bayan shekara ɗaya a bar mata da tulu a ka ba.

Inda ake yin kuskure

Kuskure na farko shi ne tura wanda bai dace ba. Kwas na tsabtar gari ne, amma sai a tura na hannun daman shugaba, a bar duba-gari a gida. Na biyu, mutum ya tafi don kuɗin guzuri da sayayya, ya dawo da akwatuna cike, kai babu kome. Na uku, ya dawo da ilmi, amma kafin ya yi aiki da shi a yi masa canjin wurin aiki. Na huɗu, a kwaso dabarar da ba ta dace da gida ba. Injin da babu mai gyara shi a nan kusa, babu kuma kayan gyaransa a kasuwa, kwanansa kaɗan ne.

Tambayoyin da jama'a za su yi

Jama'a suna da ikon yin tambaya ta bakin kansilansu, ko mai unguwa, ko ƙungiyar raya ƙauye. Wa ya tafi, kuma mene ne aikinsa? Wa ya biya kuɗin tafiyar? Me ya koyo? Mutum nawa ya koya wa bayan ya dawo? Wane aiki ne za a gani a ƙasa, kuma yaushe?

A nan ne karatu ke da rana. Wanda ya iya karatu da rubutu zai iya duba allon sanarwa na sakatariya da kansa. Zai iya rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ya ajiye kwafi a gida. Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci suna iya haɗuwa su rubuta takarda ɗaya, kowa ya sa hannu.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Gaskiya ne. Amma tafiyar ma'aikacin hukuma ba ta cika ba sai an ga tsarabarta a bakin rijiya, da cikin kasuwa, da ɗakin shan magani na ƙauye.