Zane a Ƙaramar Fuskar Na'ura: Ƙidayar Ɗigo Kafin Zuwa Maɗaba'a

Gabatarwa

A shekarun baya, mutumin Rimin Gado da yake bukatar katin ɗaurin aure, ko kalandar ƙungiyar manoma, ko takardar gayyatar saukar karatu, sai ya shiga mota ya bi hanyar Gwarzo zuwa birnin Kano, ya miƙa rubutunsa ga masu maɗaba'a, su tsara, su buga. Yanzu aikin ya rabu gida biyu. Tsarawa ta fara komawa hannun matasa, waɗanda suke yin ta a wayar hannu da manhajoji irin su PixelLab da Canva, ko a tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗauke da CorelDRAW. Bugawa kuwa tana nan a hannun masu injina. A tsakanin waɗannan matakai biyu ne ake yawan yin asara. Zanen da ya fito tsaf a fuskar waya sai ya fito dishi-dishi a takarda, gefen haruffa ya yi kamar haƙoran zarto, ga kuɗin takarda da tawada sun tafi, ga ranar biki ta matso.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan ƙanƙantar waya ko tsufan kwamfuta. A haƙiƙa tushen matsalar shi ne rashin bambancewa tsakanin ɗigon da ke cikin hoto da ɗigon da ke kan fuskar na'ura. Wanda ya iya ƙidaya waɗannan biyun zai iya fitar da aiki mai kyau ko da na'urarsa ƙarama ce.

Mene Ne Ɗigo?

Fuskar waya ko ta kwamfuta an shirya ta ne da ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, jere-jere, kamar gidajen dara. Kowane gida yana ba da launi ɗaya tak a lokaci guda. Wannan gida shi ake kira fiksel, wato ɗigon hoto. Idan aka ce fuskar waya 720 ce sau 1600, ana nufin akwai ɗigo 720 a faɗinta da 1600 a tsawonta, jimla 1,152,000 ke nan. Hoton da ke ajiye cikin na'ura shi ma yana da nasa adadin ɗigon, wanda ba lalle ne ya yi daidai da na fuskar ba.

Gonakin Rimin Gado za su taimaka wajen fahimtar muhimmancin wannan adadi. Yankin yana cikin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa, gonaki suka zama ƙanana, kowace tana manne da 'yar'uwarta. A shekarar 2003 Nijeriya ta harba tauraron ɗan'adam mai suna NigeriaSat-1, wanda kowane ɗigo na hotonsa yake wakiltar fili mai mita 32 sau 32. A irin wannan hoto, gona mai rabin hekta, wato murabba'in mita 5,000, ba ta wuce ɗigo 5 ba. Babban rimi da ƙyar zai cika ɗigo guda, iyakar gona kuwa ba a maganarta. A shekarar 2011 aka harba NigeriaSat-2, wanda ɗigonsa ya sauko zuwa mita 2.5. Gonar nan dai sai ta zama ɗigo 800, siffarta ta fito, bishiyoyinta suka rabu da shuka.

Abin lura a nan shi ne, komai yadda aka faɗaɗa hoton farko, ɗigo 5 ɗin nan ba za su haifi iyakar gona ba. Za su dai ƙara girma su zama manyan tubala. Abin da ba a ɗauka ba tun farko, faɗaɗawa ba ta dawo da shi. Haka lamarin yake ga hoton ango a kan kati.

Yadda Ƙaramar Fuska Take Yaudarar Ido

Idon mutum mai lafiya yana iya raba ɗigo biyu idan kusurwar da ke tsakaninsu ta kai kimanin kashi 1 cikin 60 na digiri ɗaya. A tazarar santimita 30, wadda ita ce tazarar karatu, wannan ya yi daidai da ɗigo kusan 290 a inci ɗaya. Dalilin da ya sa ke nan masu ɗab'i suke neman ɗigo 300 a kowane inci ga duk abin da za a riƙe a hannu a karanta.

To, a ɗauki waya mai fuskar inci 6.5 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai ɗigo 720 sau 1600. Faɗinta bai kai santimita 7 ba, don haka ɗigonta sun matsu, kimanin 270 a inci. Kusan duk hoton da ya cika wannan fuska zai yi kyau a ido. Amma idan aka ɗauki hoto mai ɗigo 720 a faɗi aka shimfiɗa shi a takardar A4, mai faɗin santimita 21, kowane ɗigo ya ninka girmansa sau uku a faɗi, sau uku a tsawo. Adadinsu ya sauko zuwa 87 a inci, ido kuma zai gan su ɗaya bayan ɗaya. Hoton bai lalace a hanya ba, dama can haka yake, ƙanƙantar fuskar ce ta rufa masa asiri.

Akwai kuma yaudara ta biyu, wadda take kishiyar ta farko. Takardar A4 da aka shirya daidai, a kan ɗigo 300, tana da ɗigo 2480 sau 3508, wato fiye da miliyan 8 da rabi. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai fuskar 1366 sau 768 tana da ɗigo miliyan 1 da 'yan kai ne kawai. Idan mai zane ya so ganin shafin gaba ɗaya, dole manhaja ta dunƙule ɗigo 20 ko fiye na hoton ta nuna su a matsayin ɗigo guda. A nan ne ƙananan kurakurai suke ɓuya: layin da bai haɗu da ɗan'uwansa ba, farin tabon da ya rage a gefen hula bayan an yanke hoto, harafin da ya hau kan wani. Idan kuwa ya jawo hoton kusa har ɗigo ɗaya na hoto ya hau ɗigo ɗaya na fuska, abin da zai gani bai wuce kashi 1 cikin 8 na shafin ba. Fuskar na'ura taga ce kawai, kuma mai leƙe ta taga ba ya ganin tsakar gida duka da kuma ƙwayar hatsin da ta faɗi a lokaci guda.

Darasi Daga Tarihi

Ƙarancin ɗigo bai taɓa hana ƙwararru aiki ba. Hoton farko da aka shigar cikin kwamfuta, wanda Russell Kirsch ya yi a Amurka a shekarar 1957, ɗigo 176 ne sau 176. Kwamfutar Macintosh da ta fito a shekarar 1984 tana da fuskar inci 9, mai ɗigo 512 sau 342, fari da baƙi kawai. A kanta ne manhajar zane ta MacPaint, wadda Bill Atkinson ya rubuta, ta yi suna. Susan Kare, wadda ta zana ƙananan alamomin wannan kwamfuta, takan fara da takarda mai gida-gida, ta cike wasu gidajen da alƙalami ta bar wasu, cikin fili mai gida 32 sau 32. Aikin nata ya yi kama da na maɗinkin hula, wanda yake ƙidayar zare kafin ya soka allura. Wayar Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000 ta kuma bazu a Nijeriya bayan zuwan layukan salula a 2001, ɗigo 84 sau 48 gare ta, jimla 4,032. Wayar da take hannun ɗalibi a yau ta ninka wannan fiye da sau 280. Ashe ba rashin kayan aiki ne ya fi damun mai zane na yanzu ba, rashin lissafi ne.

Zanen Ɗigo da Zanen Lissafi

Manhajojin zane iri biyu ne. Wasu, kamar Photoshop da GIMP, suna ajiye hoto ne ɗigo-ɗigo, kuma su suka dace da hoton da kyamara ta ɗauka. Wasu kuma, kamar CorelDRAW da ya fito a 1989 da Inkscape da ya fito a 2003, suna ajiye umarni ne: a ja layi daga nan zuwa can, a lanƙwasa shi kaza, a cike cikinsa da kore. Lissafin wannan lanƙwasa ya samo asali ne daga Faransa, inda Paul de Casteljau na kamfanin Citroën da Pierre Bézier na kamfanin Renault suka yi amfani da shi wajen tsara jikin mota, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960.

Tun da yake umarni ba shi da ɗigo, ana iya zana dagin Arewa a fuskar da ba ta kai tafin hannu ba, a buga shi a allon talla mai mita 3, gefensa ya fito sumul. Saboda haka, ga mai ƙaramar na'ura, tambarin makaranta da rubutu da kwalliyar gefen kati sun fi dacewa da zanen lissafi. GIMP da Inkscape kuma kyauta ake samun su.

Haruffa Masu Lanƙwasa

Mai zane da Hausa yana da wata damuwa ta daban. Bambancin k da ƙ, ko b da ɓ, ko d da ɗ, 'yar ƙaramar lanƙwasa ce a saman harafi. A ƙaramar fuska, idan an nuna shafi gaba ɗaya, wannan lanƙwasa ba ta wuce ɗigo 1 ko 2 ba, wani lokaci ma takan ɓace. Ga shi kuwa ita ce take raba baƙi da baki, da ƙafa da kafa, da ɓari da bari. Bugu da ƙari, salon haruffa da yawa na kwalliya ba su ƙunshi waɗannan haruffa ba. Idan manhaja ta neme su ta rasa, sai ta aro daga wani salon, ko ta ajiye ɗan akwati fanko a gurbinsu. Irin wannan aibi ba kasafai ake ganinsa ba sai an jawo rubutun kusa.

Hanyoyin Kauce wa Asara

1. A fara da girman takarda kafin a ja layi ko ɗaya. A mayar da santimita zuwa inci ta hanyar rabawa da 2.54, sannan a ninka da 300. Katin A5, mai santimita 14.8 sau 21, yana bukatar ɗigo 1748 sau 2480.

2. A yi la'akari da tazarar mai kallo. Allon da za a kalla daga nisan mita 3, ɗigo 30 zuwa 50 a inci sun ishe shi. Cika shi da 300 nauyi ne kawai ga ƙaramar na'ura.

3. A riƙa duba aiki sau biyu: a nesa don ganin tsari, sannan a kusa, a kan kashi 100 cikin 100, ana bin shafin yanki-yanki kamar mai kewaya gona, don ganin aibi.

4. A faɗaɗa filin aiki. A GIMP da Photoshop, maɓallin Tab yana ɓoye akwatunan kayan aiki, ya kuma dawo da su. A CorelDRAW, maɓallin F9 yana nuna zanen shi kaɗai a fuska duka.

5. A bar wa manhaja aikin daidaita tsakiya da jera layuka, a rubuta mata ma'auni da lambobi. Yatsa ya fi ɗigo kauri nesa ba kusa ba.

6. Kada a ɗauki hoton fuskar waya a ce shi ne aikin, domin ɗigon fuskar kaɗai zai kwaso. A fitar da aikin daga manhaja a cikakken girmansa, ko a matsayin PDF. Idan ta WhatsApp za a aika wa maɗaba'a, a aika shi a matsayin fayil, domin idan aka tura shi a matsayin hoto manhajar takan matse shi.

7. A buga kwafi ɗaya na gwaji kafin a ba da umarnin buga ɗaruruwa. Fuska tana haɗa launi ne da haske ja da kore da shuɗi, takarda kuwa da tawada huɗu, don haka kore ko shuɗi mai ƙyalli yakan dusashe idan ya sauka a takarda.

Kammalawa

Malami zai iya koyar da tushen wannan darasi ko da babu wutar lantarki. Littafin lissafi mai gida-gida ya isa. A sa ɗalibai su zana harafin ƙ cikin gida 5 sau 7, ba tare da cike rabin gida ba, sannan su sake zana shi cikin gida 10 sau 14, a kafe takardun a allo, a koma bayan aji a duba wanne ya bambanta da k. Daga nan a ba su ma'aunin kalanda ko na katin shaidar ɗalibi, su lissafa ɗigon da ake bukata. Ɗalibin da ya saba da wannan lissafi zai san tun a gida ko zanensa zai yi kyau a takarda, kafin ya biya kuɗin mota zuwa Kano.