Zafin Kunne da Gudanar Jini a Ƙwaƙwalwa Yayin Sauya Zama

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke harbawa, kuma da yake ba ta da wani tanadi na iska, yankewar jini ta 'yan daƙiƙoƙi kan kai mutum ga suma. Idan mutum ya miƙe daga kwance, jinin da ya kai rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki, sai jijiyoyin da ke jin ƙarfin bugun jini a wuya su kai saƙo, zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jinin gaɓoɓi su tsuke, na ƙwaƙwalwa kuwa su buɗe. Inda wannan gyara ya makara, nan ne jiri ke ɗibar mutum, idonsa ya yi duhu, kuma likitoci kan ɗauki abin da muhimmanci idan lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da tsayuwa.

Dodon kunne, wato siririn tantanin da ke can ƙuryar kunne, ya ja hankalin masana ne saboda maƙwabtakarsa da babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma tun 1959 Theodor Benzinger ya yi amfani da zafinsa a Amurka wajen kimanta zafin cikin jiki. Tunda jini ne ke kwashe zafin da ƙwaƙwalwa ke haifarwa, an yi hasashen cewa sauyin gudanarsa yayin tashi ko kwanciya zai bayyana a kunne.

Sai dai hasashen yana da rauni, domin akasarin jinin da ke ciyar da tantanin yana zuwa ne ta reshen jijiyar da ke shayar da fuska da fatar kai, shi ya sa fifita a fuska kan rage zafinsa, kwanciya a kan kunnen ta ƙara shi, dattin kunne kuma ya ɓata awon, alhali sauyin da ake nema bai kai digiri guda ba. Na'urar da Rune Aaslid ya gabatar a 1982, wadda ke auna saurin jini a cikin kai ta hanyar sautin da kunne ba ya ji, ta fi zama abin dogaro nesa ba kusa ba. Wanda jiri ke yawan kamawa idan ya miƙe, awon jini a kwance da a tsaye shi ne abin da ya kamata ya nema a asibiti.