Tsohon Ɗan Tsere: Kuɗi Zai Bi Ko Daji?

Mai karatu, gudun ƙetare daji wasa ne mai cin ƙarfi. Ana yin sa a kan ciyawa da taɓo da tudu da gangara, ba a kan kwalta ba. Tun daga 2017, maza da mata duk kilomita 10 suke gudu a gasar duniya ta wannan wasa. A Bathurst ta ƙasar Ostireliya, a 2023, wanda ya zo na ɗaya ya karɓi dala 30,000. To, amma irin wannan kuɗi yawanci matasa ne ke kwashewa. Ina makomar wanda ya haura shekara 35, ga iyali, ga kuɗin makarantar yara?

Tsufa ba ya kashe ɗan tsere nan take. Carlos Lopes na ƙasar Fotugal ya ci gasar duniya ta ƙetare daji a 1976, da 1984, da 1985, ta ƙarshen yana da shekara 38. A wannan shekarar kuma ya kafa tarihin duniya a gudun fanfalaki a Rotterdam, cikin awa 2 da minti 7 da daƙiƙa 12. Dalili shi ne, sauri ne ke fara gudu daga jikin mutum, juriya kuwa takan daɗe.

Shi ya sa dattawa da yawa suke barin daji su koma kan kwalta, inda tsere ya fi tsawo, lada kuma ya fi tsoka. Priscilla Welch ta Ingila ta ci fanfalakin New York a 1987 tana da shekara 42. Meb Keflezighi na Amurka ya ci na Boston a 2014 yana da shekara 38. Boston ɗin ma tana ware kyautar kuɗi domin waɗanda suka kai 40, ko da yake ba ta kama ƙafar ta zakara ba.

Wanda ya ce shi dai daji yake so, akwai gasannin dattawa na duniya, waɗanda aka fara a Toronto a 1975. Ana raba 'yan tsere rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, daga 35 zuwa sama, kowa da tsararsa. Sai dai lambar yabo ake bayarwa, ba kuɗi ba, kuma galibi mutum ne ke biyan kuɗin jirginsa da masaukinsa.

A nan hatsarin yake. Kwalta tana dukan gwiwa da idon sawu fiye da ciyawa, kuma jikin dattijo ba ya saurin murmurewa. Wanda kwaɗayin lada ya sa ya riƙa jera tsere bayan tsere, zai iya ƙarar da abin da ya samu a asibiti, ya kuma rasa gudun gaba ɗaya. Gara ya zaɓi kaɗan a shekara, ya huta a tsakani, ya ga likita kafin ya shiga. Jikin nan amana ce daga Ubangiji, kuma iyalin da ake nema wa abinci sun fi bukatar uba mai lafiya.