Bayan karo: Gyaran ƙafar gaban a-kori-kura da ke iya cin rai

Da zarar kaka ta yi, hanyoyin ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Kunchi da Tsanyawa sukan cika da a-kori-kura ɗauke da buhunan gero, dawa da gyaɗa, wasu zuwa kasuwannin mako, wasu zuwa Kasuwar Dawanau.

A wannan lokaci, kwana guda da mota za ta yi a gareji asara ce ga direba da manomin da ke jiransa. Shi ya sa idan aka yi karo, hankali kan tafi ga fitila da bamba, a bar ƙafar gaba, alhali ita ke ɗauke da nauyin injin, ita kuma ke karɓar umarnin sitiyari.

Abin da karo ke lalatawa

Toyota Hilux ƙirar 2005 zuwa sama tana da hannu biyu a kowace tayar gaba, na sama da na ƙasa, tare da sifirin da shokazoba. Bol-join ne ke haɗa hannun da mazaunin taya, tayarod kuma ke isar da juyin sitiyari.

Idan aka daki taya, hannun ƙasa da tayarod ne suka fi saurin lanƙwashewa. Alamomin ba sa ɓuya: mota ta riƙa ja gefe guda, sitiyari ya karkace a miƙaƙƙiyar hanya, taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya.

Gwaji kafin kashe kuɗi

A auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya, dama da hagu. Idan awon ya bambanta, wani abu ya goce.

Sannan a ɗaga motar da jak, a tokare ta da kyau, a girgiza tayar. Motsi sama da ƙasa yana nuni ga bol-join ko boris, motsi gefe da gefe kuma ga tayarod.

Shasi ake fara dubawa. Idan ya karkace, ko sababbin kaya aka ɗaura, motar ba za ta miƙe ba.

Inda haɗarin yake

Abin da aka saba gani a gefen hanya shi ne a gasa hannun da ya lanƙwashe da wutar walda, a buge shi da guduma ya miƙe. Ido zai ga ya koma daidai, amma wuta ta riga ta rage ƙarfin ƙarfen, tsaga kuma na iya ɓuya a ciki.

Ranar da bol-join ko tayarod ya tsinke da lodi a kan hanyar Kano zuwa Katsina, taya takan kwanta, sitiyari ya daina aiki. Ga kuma 'yan kasuwa zaune a saman buhuna. Araha dai ba ta ado.

Abin da ya lanƙwashe canza shi ake yi. A Kasuwar Ƙofar Ruwa ana samun sabo da na hannu. Mai sayen na hannu ya duba tsaga, tabon walda da yagewar roba, ya kuma tafi da tsohon don gwadawa.

Bayan ɗauri, a kai motar a daidaita tayoyinta da na'ura, a gwada ta ba lodi, kafin a ɗora buhu na farko.